Gidan da Ba a Cewa Da Sauƙi

Mutumin da ya sa maka ƙarfe a jiki, in ya zamana shi kaɗai ya san yadda za a fitar da shi, me ya kamata ka yi masa? Na tambayi malamai uku, kowanne ya ba ni amsa mai kyau, kuma ko ɗaya ba ta zauna mini ba. Ƙarfen yana nan cikin jakata, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Nakan fito da shi in duba, in mayar.

Sunana Tanimu. Mu biyu uwarmu ta haifa, ni da ƙanena Sa'adu. Muna noman gero a gefen Mai Yara, muna da 'yan shanu. A zamanin nan ana ta yaƙi tsakanin Tsibiri da Sakkwato, daji bai da mai shi, duk wanda ya tara mutum ashirin da makamai sai ya fita kamun mutane ya kai kasuwa.

Wata shekara da rani muka kai shanu rijiyar Rumbu. Rana ta take tsaka. Ina jan wasaki, Sa'adu yana zuba ruwan a komi, sai muka ji ihu daga bayan tudu. Wasu bisa raƙuma, wasu a ƙasa da baka. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ɗaga hannu yana salati, aka raba masa kai da takobi, jininsa ya zuba cikin ruwan shanu. Na juya zan gudu, na ji kamar jaki ya shure ni a ƙugu, ashe kibiya ce. Na faɗi. Sa'adu ya riga ya yi nisa, amma ya dawo. Ya sunkuya zai ɗaga ni, kibiya ta shiga masa ta wuya ta fito ta haɓa. Ya faɗo kaina yana shure-shure, bakinsa yana tafasa da jini, yana son ya faɗi wani abu. Shanu suka firgita suka bi ta kanmu. Kofato ya karya kyauron kibiyar da ke jikina, ƙarfen ya nutse ciki. Maharan suka ga gawa kan gawa, suka wuce.

Shekara shida na yi da ƙarfen nan. Fata ta rufe, amma ciwon bai rufe ba. In na sunkuya da hauya sai in ji ana murza mini barkono a cikin ƙashi. In hadari ya haɗu, ni nake fara sani kafin kowa. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, an yi mini tofi har na gaji da godiya. Uwarmu ta rasu a shekara ta uku. Daga nan sai ni da ƙarfe da tunani, kuma tunanin iri ɗaya ne: wane ne ya saki tsirkiyar nan, kuma yaya wuyansa zai kasance a hannuna.

A shekara ta shida wurin ya kumbura ya yi mugunya. Aka aza ni bisa jaki aka kai ni Dakoro, wurin wani wanzami ana ce masa Hamani. A lokacin Dakoro rijiya ce da bukkoki kaɗan. Hamani ya kewaye wani fili da zana a gindin aduwa, nan masu ciwon da ba ya tafiya suke zama, wani wata biyu, wani shekaru. Ya duba ni, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya yi mini sakiya. Mugunyar da ta fito ta cika ƙoƙo. Ya ce kibiyar a bar ta inda take, ƙarfen da ya shekara shida ya riga ya gina ɗakinsa, sai dai a riƙa tatse shi in ya kumbura.

Washegari da safe wata tsohuwa ta zo kaina da sanda. Sunanta Dela, ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe mata yatsu kamar saiwar kalgo, kuma ta fi kowa daɗewa a gidan.

Ta ce, "Baƙo, yaya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi, Iya."

Ta kwaɗa mini sanda a ƙwauri. Mutanen da ke zaune a tabarmi suka fashe da dariya.

"Nan ba a cewa da sauƙi," in ji ta. "Ka hwaɗi abin da ke akwai. Ina ke ciwo, tun yaushe, mi ya sake tsakanin jiya da yau."

Daga baya na ji dalili. An yi wani mutum a gidan, Mamani, mai ladabi ƙwarai. Safiya arba'in ana gaishe shi yana cewa da sauƙi, kamar yadda aka koya wa kowannenmu tun yana yaro. Ranar da ya mutu aka kwance masa riga za a yi wanka, aka tarar cikinsa ya yi baƙi ya kumbura kamar salka. Hamani ya ce da an faɗa masa tun sati na farko, da sakiya ɗaya ta isa. Tun ran nan Dela ta hana kalmar. Kowace safiya a zauna a gindin aduwa, kowa ya faɗi nasa, har launin fitsari, sauran su saurara. Sau da yawa wani mai ciwo ne yake fara gane abin da ke faruwa da ɗan'uwansa, kafin wanzami.

Na daɗe ban saba ba. Faɗin ciwo a gaban mutane kamar tsiraici ne. Wanda ya sauƙaƙa mini shi ne Abarci.

Abarci ya girme ni da wajen shekara ashirin. Yana da gyambo a ƙwaurin hagu wanda ya ci nama har ana ganin ƙashi, ya ce tsohon sara ne. Bakinsa ba ya hutawa. Shi ya raɗa wa kibiyata suna, amarya. Kullum sai ya ce, "Ango, amarya ta bar ka ka yi kwana?" Akwai kuma Jimrau, makiyayi, ƙato, wanda takobi ya lotsa masa kai, ciwon kai yakan kayar da shi kwana biyu ba ya son ganin haske. In yana lafiya shi ke danne mutum lokacin sakiya. Abarci yana ce masa Ƙwarya Fasasshiya, shi kuma yana ce wa Abarci Abincin Ƙuda.

Abarci ne ya koya mini zama da ciwo. Ya ɗinka mini 'yar jaka ya cika ta da rairayi, a ajiye ta a rana ta yi zafi in ɗaura a ƙugu. Ya nuna mini yadda zan kwanta da ƙaramin turmi ƙarƙashin gwiwa. In ciwon ya taso har na fara cizon tabarma, sai ya jawo jiki ya zauna kusa da ni, ya shafa man shanu a hannu ya riƙa murza wurin a hankali, yana ba ni labarin banza, na wani raƙumi da ya ƙi jinin masu rawani. Yatsunsa sun san inda za su bi su kauce wa ƙarfen, kamar suna ganinsa. Ni kuma nake wanke masa gyambo da ruwan bagaruwa, don yatsun Dela sun nannaɗe, Jimrau kuwa amai yake yi in ya ji warin. Na ba shi labarin rijiyar Rumbu tun kwanakin farko. Na gaya masa abin da zan yi wa mai kibiyar. Ya saurara, ya ce, "Allah shi kyauta," ya ci gaba da murza.

Wata biyar muna haka. Sai abin ya sake.

Da safe Dela ta tambaye ni, na ce kaluluwa ta fito mini a hantsa, masassara tana kama ni kullum da la'asar, kuma ƙarfen ya motsa, ina jin sa ƙasa da inda yake. Na ce ƙaramin yatsan ƙafata ba ya jin ƙasa.

Abarci bai yi maganar amarya ba ran nan. Ya ce, "Ta yi ciki ko ta yi waje?"

Na ce ciki, wajen cinya.

Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya tashi ya ɗingisa ya fita bayan zana, bai dawo ba sai azahar.

Hamani ya latsa wurin, ya daɗe yana latsawa. Ya ce yanzu ba zama, ɗakin ƙarfen ya rushe, yana tafiya wajen babbar jijiya. Gobe zai tsaga ta tsohon tabon ya jawo shi.

Da hantsi aka hura wuta. Hamani ya aro awartaki wurin maƙeri, ya wasa aska. Aka kwantar da ni rubda ciki, Dela ta sa mini guntun icce a baki, Jimrau ya hau bayana ya danne kafaɗuna. Na ji sanyin aska a fata, na ji ta shiga.

"Wanzam, dakata."

Muryar Abarci ce. Hamani ya ce, "Tsoho, ba yanzu ba."

"Kak ka ja ta. Kunnenta uku."

Kunnen kibiya shi ne ƙayar da ake fitar mata ta baya don kada ta ciru. Kowa ya san kibiya kunne biyu gare ta. Hamani ya ce shekararsa talatin yana cire kibau, bai taɓa ganin mai uku ba.

"Na ukun shina can ƙasa kusa da gindi, a murɗe yake, shina kallon hagu. In ka ja ta baya sai shi kama jijiya shi yage ta. Kahin tukunya ta tahwasa ya mutu. Gaba za a tura ta, a juya ta, ta hito ta cikin cinya."

"Kai ina ka san wanga?"

Ina jin numfashin Jimrau a bayan wuyana.

"Ni na goga ta da magagari," in ji Abarci. "Ba wanda ke yin irinta sai ni. Babu dahi gare ta, shi ya sa kake raye, Tanimu. Ba kashe ka muka zo yi ba. Saida ka muka zo yi."

Na tofar da iccen. Na ce wa Jimrau ya ɗaga ni, ya ɗaga ni don bai san abin da zai yi ba. Jini yana bin ƙafata. Na tambayi Abarci abu ɗaya, na ce, "Ta wuyan Sa'adu fa?"

Bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Ƙahwarshi na nuhwa. Ya duƙa."

Taɓaryar da ake daka bagaruwa tana jingine a jikin aduwa. Ban san lokacin da ta zo hannuna ba. Na fara da gyambon da na wanke wata biyar, na ji ƙashi ya amsa. Ya faɗi. Na sauke masa ita a haƙarƙari, na sauke a baki, haƙora suka zubo a ƙasa tare da jini. Dela tana ihu tana kiran sunana. Na yar da taɓaryar na hau kansa na kama wuyan da na shekara shida ina tunani, ya fi yadda na zata siranta. Idanunsa suka firfito. Jimrau ya cusa hannu ƙarƙashin haɓata ya ɗaga ni sama kamar ɗan akuya, ya yi jifa da ni a jikin zana.

Abu ɗaya na gani a lokacin, ban kula da shi ba sai daga baya. Duk dukan nan Abarci bai kare fuskarsa ba. Ya cusa hannun damansa a hammata ya matse, ya bar mini sauran jiki.

Hamani ya ɗinke tsagar da ya fara. Ya ce shi ba zai ja ba, ba a kashe mutum a gidansa da saninsa. Tura ta gaba kuwa bai iya shi kaɗai, don sai yatsa ya shiga ya ji inda kunnen yake kafin a san yadda za a juya. Na ce Abarci ya zana masa a ƙasa. Aka jawo Abarci ya zana da tsinke, bakinsa a kumbure. Hamani ya duba ya girgiza kai, ya ce zane ba ya zubar da jini, nama ne ke zubarwa.

Na ce, "To a bar ta. Hannun nan ba shi ƙara taɓa ni. Gara ta kashe ni, ta ida aikin da ya aike ta."

Na kwashe tabarmata na koma ƙarshen zana. Na ajiye wuƙa kusa da kaina.

Washegari Dela ta zo. "Tanimu, yaya jiki?"

Na dube ta na ce, "Da sauƙi."

Ta ɗaga sanda, na ɗora hannu kan wuƙa. Ta sauke sandar, ta daɗe tana kallona, ta wuce.

Kwana tara na yi ina cewa da sauƙi. Masassarar la'asar ta fara zuwa tun hantsi. Kaluluwa ta kai girman ƙwan zabo. Yatsa na biyu ya mutu, na uku ya bi shi. Ina kwance ina juya abin a raina ta kowane gefe. Tun kwanakin farko ya san ni, ya san ƙarfensa ne yake murzawa. Tausayi ne ya sa shi zama kusa da ni, ko tsoro, ko yana wanke kansa ne da man shanu a jikina? Da ya yi shiru ran nan da na mutu a hannun Hamani, ba wanda zai taɓa sani, ya ci gaba da tsokanar Jimrau da haƙoransa cikakku. Bai yi shiru ba. Amma Sa'adu ma bai gudu ba, kuma shi aka binne. In na bar hannun nan ya cece ni, me zan ce wa Sa'adu? In na ƙi, to duƙawar da ya yi a kaina ta tafi a banza. Duk inda na bi sai in dawo inda na tashi.

Jakar rairayi kuwa kullum da azahar sai in tarar da ita kusa da tabarmata, da zafinta. Jimrau ke kawowa. Na ce masa wa ke shanya ta a rana, ya ce shi ciwon kai gare shi, ba ya tuna abubuwa. Kwana biyu na ƙi taɓa ta. A na uku na ɗaura.

A safiya ta goma Dela ta zo da kasko a hannu, ta ce za ta turara wa Jimrau magani. Ta zauna a wajen ƙafafuna, ta ba ni baya rabi.

"Yaya jiki, ɗana?"

"Da sauƙi, Iya."

"Madalla. Ƙahwar hwa?"

"Ita ma da sauƙi."

"Kai, mun gode Allah. To gaya mani, in an ce a aika Mai Yara, wa za a nema? Akwai saura naka can?"

Na ce akwai wani kawuna, amma ba abin da za a aika a faɗa masa. Ta ce tambaya kawai take yi. Ta shiga ba ni labarin yadda aka yi wa Mamani wanka, yadda ƙasar nan take da wuyar haƙa da rani. Ina sauraro ina ƙuluwa. Sai na ji ƙauri, irin na naman da ya faɗa wuta. Na ɗaga kai in ga wa ke gashi da sassafe haka.

Garwashi ne ja a kan ƙafata, tsakanin babban yatsa da na biyu. Fata ta tattare ta yi baƙi, hayaƙi yana tashi. Ban ji komai ba. Ko ɗumi ban ji ba.

Dela ta kaɗe shi da sanda. Hawaye yana bin kuncinta, amma muryarta ba ta canza ba.

"Tun da na ce madalla garwashin shina nan," in ji ta. "Ni na wanke Mamani da yatsun ga. Ba ni wanke ka. Ka ji ni? Kura ta cinye ka."

Ta ɗauki kaskonta ta tafi.

Na zauna ina kallon ƙafar. Mutanen gidan sun taru a gindin aduwa, ba wanda ya dube ni. Na gwada tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na ja gindi, ina tura jiki da hannuwa, ƙafar tana biye da ni tana share ƙasa. Nisan bai fi taki ashirin ba, na tsaya sau biyu.

Abarci yana jingine da icce, an ɗaure masa haƙarƙari da tsumma. Ƙudaje sun rufe gyambon, kwana goma ba wanda ya wanke shi yadda ya kamata. Leɓensa ya tsage, in ya buɗe baki sai duhu. Ya dube ni, ya dubi hannuwana ya ga babu wuƙa.

Ya ce, maganar tana fita da iska, "Yaya jiki?"

Na ce, "Babu sauƙi. Ƙafar ta mutu har idon sawu. Masassara ba ta sauka. Jiya na ji ƙarfen ya ƙara yin ƙasa."

"Ciki ko waje?"

"Ciki."

"To yau ne. Gobe ban sani ba."

Na ce masa, "Ban yafe maka ba."

"Ban roƙe ka ba," in ji shi. Ya juya wajen Jimrau. "Kai, Ƙwarya Fasasshiya, kira wanzam. Ka ce shi hura wuta, shi kawo man shanu da yawa."

Aka kwantar da ni a gefe wannan karon, Jimrau ya rungume ni ta baya ya harɗe ƙafarsa da tawa. Dela ta dawo ta sa mini iccen a baki. Hamani ya warware ɗinkin, ya ƙara tsagar, jini ya yi ɗumi a cinyata. Abarci ya jawo jiki kusa, ya fito da hannun daman da ya ɓoye mini, ya shafa masa mai. Ya kawo shi har dab da raunin, sai ya tsaya. Yana jira.

Na miƙa hannu na kama wuyan hannunsa. Na jawo shi na ɗora a kan tsagar, na danna yatsansa ciki.